Akwatin Baƙo a Gindin Murhu: Tarihin Konsatina da Akodiyan a Kiɗan Gargajiyar Ailan

A shekarar 1829 mutum biyu, ɗaya a birnin Vienna ɗaya a Landan, kowannensu ya karɓi takardar mallakar wani sabon abin kiɗa da ya ƙirƙiro. Na Vienna shi ne Cyrill Demian, shi ya raɗa wa nasa suna akodiyan. Na Landan kuwa Charles Wheatstone ne, masanin kimiyyar nan da ya yi suna a harkar wayar tangaraho. Abin da ya fara ƙerawa da baki ake busa shi, daga baya ya sa masa zugazugi ya zama konsatina, ya yi mata rajista ta musamman a 1844. Tsakanin waɗannan shekaru, a 1834, wani Bajamushe mai suna Carl Friedrich Uhlig ya fito da tasa irin konsatinar a garin Chemnitz. Cikin su ukun babu ɗan ƙasar Ailan, babu kuma wanda ya ƙera abinsa don manoman yammacin wannan tsibiri. Amma manoman nan ne, musamman matansu, suka karɓi akwatunan suka sa su yin maganar da masu su ba su koya musu ba.

Konsatina da akodiyan 'yan gida ɗaya ne. A cikin kowanne akwai jerin ƙananan harsuna na ƙarfe, kowane harshe an ɗaure shi ta gefe guda, an bar ɗaya gefen a sake a bakin wata 'yar kafa. In iska ta bi ta kafar sai harshen ya kaɗu ya ba da sauti. Dabarar tsohuwa ce, mutanen Sin sun daɗe da ita a abin busarsu mai suna sheng. Abin da Turawa suka ƙara shi ne zugazugi da maɓallai: hannu ya matsa ko ya ja, yatsa ya danna maɓalli ya buɗe wa iska hanya zuwa harshen da ake so. Konsatina ƙarama ce, tsakanin tafuka biyu ake riƙe ta, yawanci mai kusurwa shida, da maɓallai a gefe da gefe, dama da hagu suna raba kiɗan a tsakaninsu. Akodiyan ya fi girma, a kafaɗa ake rataya shi, hannun dama ne ke fitar da kiɗan, na hagu ya ja zugazugi ya riƙa yi masa amshi da manyan muryoyi.

Akwai bambanci guda da duk tarihin nan ya rataya a kansa. A konsatinar Wheatstone, maɓalli sauti ɗaya yake bayarwa ko an matsa ko an ja. A ta Uhlig, da kuma ƙaramin akodiyan mai layi ɗaya da ake kira melodiyan, kowane maɓalli sauti biyu gare shi, ɗaya in an matsa, ɗaya in an ja. Saboda haka dole hannun makaɗi ya riƙa kai da komo a tsakiyar kiɗa, kuma duk juyin da zugazugi ya yi sai an ji ɗan bugu a cikin sautin. Masana kiɗan birni sun ɗauki wannan a matsayin naƙasa. Masu rawa kuwa abin da ƙafarsu take nema ke nan.

Kafin zuwan akwatunan, kiɗan karkarar Ailan kiɗan rawa ne, ril da jig da makamantansu. Da goge irin na Turawa ake yin sa, da sarewar katako, da kuma algaitarsu mai salka wadda ake hura wa iska da gwiwar hannu, wato uilleann. Mai algaita sana'arsa ke nan, sau da yawa makaho ne ko gurgun da ba ya iya noma, yana yawo daga gidan biki zuwa kasuwa. Sai babbar yunwa ta faɗa wa ƙasar daga 1845 zuwa wajen 1852, bayan cuta ta cinye dankalin Turawa wanda shi ne cimar talaka. Mutum wajen miliyan ɗaya suka mutu, wasu kamar haka suka tsallaka teku. Yammacin ƙasar, inda kiɗan ya fi ƙarfi, nan ɓarnar ta fi tsanani. Masu algaita wasu suka mutu, wasu suka bi jirgi, waɗanda suka rage suka rasa mai ba su na goro. Algaitar kanta ga tsada, ga wuyar koyo, ga wuyar gyara. Ƙauyuka da yawa suka wayi gari ga masu son rawa amma babu makaɗi.

Konsatina ta riga yunwar shiga Ailan, sai dai ta ƙofar masu hali ta shiga. Giulio Regondi, wani yaro mai baiwa, ya zaga ƙasar da konsatinar Wheatstone a 1834 zuwa 1835, kuma wajen 1850 wani maƙerinta, Joseph Scates, ya baro Landan ya buɗe shago a Dablin. Wannan duk harkar falon attajirai ce. Wadda ta kai ƙauye ita ce ta Jamus, mai maɓalli ashirin a layi biyu, wadda masana'antun yankin Saxony suka riƙa fitarwa rututu a rabin ƙarshe na ƙarni na 19. Katakonta mara nauyi, zugazuginta kwali ne da takarda mai ado. Sule kaɗan ake sayen ta, a kantin da ake sayar da ƙusa da shebur. Ba ta da ƙarko. In an matsa mata da rawa sai ta fara yoyon iska, a liƙe ta, in ta ƙi a sayo wata. Wannan arhar ita ce ta buɗe mata ƙofar kowane gida.

A gundumar Clare abin ya fi kama ƙasa, kuma a hannun mata ya fi zama. Gearóid Ó hAllmhuráin, masanin tarihin kiɗa wanda shi kansa ɗan Clare ne kuma makaɗin konsatina, ya bi tsofaffin yankin ya tattara labarinsu, kuma aikinsa da na Dan Worrall, wanda ya rubuta tarihin wannan irin konsatina a 2009, su suka fito da matsayin matan nan fili. Mace takan saye ta da kuɗin ƙwai da man shanun da ta sayar, ko 'yar gida da ke aikatau a Amurka ta aiko da kuɗin. Gidan manomi a wancan zamani babban ɗaki ne guda da murhu a jikin bango, nan ake girki, nan ake hira, nan ake karɓar baƙi. A gefen murhun akwai alkuki, a nan ake ajiye konsatina tare da ganyen shayi da taba, don kada danshin ƙasar ya shige ta. Namiji yana gona ko bakin teku yini guda. Mace tana gida, in ta sami sarari tsakanin tatsar shanu da ɗora tukunya sai ta sauko da abar ta gwada kiɗan da ta ji daren jiya. Babu malami, babu takarda. Da kunne ake ɗauka, uwa ta ba 'yarta, maƙwabciya ta ba maƙwabciya. Duk wanda ya san kiɗan ƙwarya a cikin gida zai gane irin wannan matsayi: kiɗa ne na mata a wurin mata, manyan gari ba sa ƙidaya shi cikin kiɗa, alhali da shi ake biki.

Da dare, musamman da hunturu bayan aikin gona ya lafa, maƙwabta sukan taru a gida ɗaya. A ture teburi jikin bango, mutum takwas su fito fili, maza huɗu mata huɗu, su yi rawar da suke kira set. Asalinta rawar kwadiril ce ta Faransa da ta shigo ƙasar a ƙarni na 19, mutane suka sauya mata kiɗa da taku har ta zama tasu. A Clare maza suna dukan daɓen dutse da takalmi mai ƙusa, kuma a wasu gidajen akan binne tsohuwar tukunyar ƙarfe ko ƙoƙon kan doki a ƙarƙashin falalen dutsen da ke gaban murhu don takun ya yi amo. Cikin wannan hayaniya muryar konsatina, siririya mai kaifi, tana ratsawa ta kai kunnen kowa. In mai kiɗa ta gaji sai ta miƙa wa wata, ita kuma ta shiga rawa. Har daren bankwana da mai tafiya Amurka, wanda suke yi tamkar zaman makoki saboda sun san da wuya a sake ganinsa, da wannan kiɗan ake kwana.

Cikin ɗimbin matan nan, wadda sunanta ya fita ita ce Elizabeth Crotty. An haife ta a 1885 kusa da Cooraclare, a gidan Markham, ta taso tana kaɗa wa masu rawa a ƙauyensu. A 1914 ta auri Miko Crotty, suka riƙe mashaya a dandalin kasuwar Kilrush. Shekara da shekaru ba wanda ya san ta sai mutanen yankin. Sai a shekarun 1950, tsufa ya riga ya kama ta, ma'aikacin gidan rediyon ƙasar Ciarán Mac Mathúna ya zo da na'ura ya ɗauki kiɗanta, ƙasa duka ta ji. Ba ta cika kwalliya ba. Tana bin layi ɗaya, tana yawan haɗa sauti da ɗan'uwansa na ƙasa a lokaci guda don ya yi kauri, kuma ba ta gaggawa. Ta rasu a 1960. Yawancin tsararrakinta sun tafi kabari da nasu kiɗan, ba wanda ya kai musu na'ura. Ta hanyarta da 'yan ƙalilan irinta kaɗai muke jin yadda ɗakunan nan suke amo, shi ya sa 'yan mintocin da ta bari suke da daraja a wurina fiye da tarin faya-fayan gwanaye da yawa.

Shi kuwa akodiyan, hanyarsa ta biyo ta Amurka. Melodiyan mai maɓalli goma ya bazu a Ailan tare da konsatina, ya fi samun gindin zama a Connemara da Kerry. Amma wanda ya fara nuna wa duniya abin da za a iya yi da shi ba ɗan Ailan ba ne. John Kimmel, haifaffen Brooklyn a 1866, iyayensa Jamusawa, ya ɗauki kiɗan 'yan ci-ranin Ailan da ke kewaye da shi, ya fara shiga faifan garmaho tun farkon shekarun 1900. Saurin yatsunsa da tsabtar kiɗansa har yau makaɗa suna jinjina musu. Bayansa Peter Conlon, mutumin Galway, ya fara nasa faya-fayan a Niyok a 1917, sai William Mullaly na Westmeath, wanda wajen 1926 ya sa kiɗan Ailan na konsatina a faifai. Waɗannan, tare da na shahararren mai goge Michael Coleman, 'yan ci-rani suka riƙa aikowa gida. Garmaho ɗaya a ƙauye ya isa, samari su kewaye shi, a yi ta juya faifai har ya suɗe. A da makaɗi ƙafar mai rawa yake kallo. Yanzu ya sami abin da zai zauna ya saurara ya kwaikwaya, kuma daga nan kiɗan saurare ya fara rabuwa da kiɗan rawa.

Duka mafi tsanani da kiɗan gida ya sha daga gwamnatin ƙasar ya fito, bayan ma an rabu da mulkin Ingila. A 1935 majalisa ta zartar da dokar zaurukan rawa, wadda ta ce ba a yin rawar jama'a sai da lasisin kotu. Shugabannin cocin Katolika sun daɗe suna kuka da rawar dare, suna cewa tana ɓata tarbiyya. 'Yan sanda da limaman coci suka yi wa dokar fassara mai faɗi, aka riƙa kai samame gidaje, aka gurfanar da masu gida. Rawa ta koma zauren unguwa, wanda galibi a hannun limamin coci yake, inda sai an biya a ƙofa. Zaure babba yana son ƙara, don haka aka koma ga ƙungiyoyin makaɗa masu ganga da fiyano, irin na Kilfenora da na Tulla. 'Yar konsatinar takarda ba ta da muryar cika zaure, kuma matar aure mai 'ya'ya ba ta hawa dandamali a wancan zamani. Yaƙin duniya na biyu ya zo ya datse hanyar kayan Jamus, wadda ta lalace ba a samun madadinta. Haka kiɗan matan gindin murhu ya yi tsit. Masu dokar sun ce tarbiyya suke karewa, amma abin da suka rushe shi ne wurin da kaka da jika suke zama ɗaki ɗaya ana rawa a gaban idon kowa.

Abin da ya kashe kasuwar konsatina shi ya raya ta akodiyan. Sabon akodiyan mai layi biyu, na kamfanin Hohner na Jamus da na Paolo Soprani na garin Castelfidardo a Italiya, ga ƙara ga ƙarko. An tsara layukan biyu da tazarar rabin murya a tsakaninsu, ta yadda duk sautin da babu a wannan layi za a same shi a wancan. Daga nan hanya ta rabu biyu, kuma har gobe makaɗan Ailan a kan wannan rabuwar suke.

Hanya ta farko ita ce ta layin B da C. Yawancin kiɗan Ailan a muryar D da G yake, saboda haka mai wannan tsari dole ya riƙa tsallakawa tsakanin layuka. Wannan ya rage bugun zugazugi, kiɗan ya riƙa gudana sumul, yatsu suka sami damar yin irin murɗe-murɗen da mai goge yake yi. Sonny Brogan da wasu sun fara gwada ta a Dablin, amma wanda ya kafa ta shi ne Paddy O'Brien, ɗan Newtown kusa da Nenagh a gundumar Tipperary, haifaffen 1922, ubansa mai goge. A 1954, yana shirin tafiya Niyok, ya ɗauki faya-fayan garmaho uku, kuma ukun nan suka sauya hannun samarin ƙasar. A daidai lokacin ƙungiyar Comhaltas Ceoltóirí Éireann, wadda aka kafa a Mullingar a 1951, ta fara shirya gasar shekara-shekara mai suna Fleadh Cheoil, kuma sabon salon ya dace da dandamalin gasa ƙwarai. Joe Burke na Kilnadeema a gabashin Galway ya ci kambin ƙasa a 1959 da 1960, daga baya ya yi faifai don girmama Michael Coleman, inda ya nuna akwati zai iya bin sawun goge taku da taku.

Hanya ta biyu ita ce tsohuwar, ta melodiyan: a zauna a layi ɗaya, a matsa a ja, ba a leƙa ɗaya layin sai an rasa sauti. Gwarzonta shi ne Joe Cooley. An haife shi a Peterswell, kudancin Galway, a 1924. Lebura ne a wurin gini, ya yi kiɗa da ƙungiyar Tulla, ya yi ci-rani a Landan, a 1954 ya wuce Amurka, ya zauna a Niyok da Shikago da San Francisco. Bai damu da shiga situdiyo ba, sunansa baki da baki ya yi yawo. Waɗanda suka gan shi suna ba da labarin sigari a gefen bakinsa, toka tana zuba a kan zugazugi, kiɗan ba sauri amma kowane sauti da nauyinsa.

Ba kowa ne ya yi maraba da duk wannan ba. Seán Ó Riada, wanda a lokacin babu mai tasirinsa a harkar kiɗan ƙasar, ya gabatar da jerin shirye-shirye a rediyo a 1962 kan gadon kiɗan Ailan, ya caccaki akodiyan da ƙungiyoyin zaure. Hujjarsa ita ce sautin akwati a ƙere yake tun daga masana'anta, makaɗi ba ya iya lanƙwasa shi yadda mai goge ko mai algaita yake yi, kuma amshin hannun hagu sau da yawa ba ya jituwa da kiɗan. Akwai gaskiya a maganarsa, musamman batun hannun hagu. Sai dai shi kansa ya sa masu akodiyan biyu, Sonny Brogan da Éamon de Buitléar, a ƙungiyarsa Ceoltóirí Chualann. Kuma a ganina ya kalli harshen ƙarfe ya manta da zugazugi. Harshe kam maƙeri ne ya yanka shi, amma yawan iskar da za a ba shi, da lokacin da za a datse ta, da yadda za a juya hannu, wannan duk na makaɗi ne, kuma a nan ran kiɗan yake.

Amsar da ta fi kowace ƙarfi Cooley ne ya bayar, ba da baki ba. A 1973 ya dawo gida da ciwon daji. Tony MacMahon, ɗan garin Ennis, wanda tun yana yaro Cooley yake zuwa gidansu da akodiyan, a lokacin yana aiki a gidan rediyo da talbijin na RTÉ. Ya ga lokaci yana ƙurewa, sai ya kwashi na'urori zuwa mashayar Lahiff a Peterswell a watan Nuwamba. Jama'a suka cika ɗakin har waje. Cooley ya zauna, jiki ya rame, ɗan'uwansa Jack yana buga masa bodhrán, gangarsu mai fuska ɗaya, Des Mulkere yana bin sa da banjo. A faifan ana jin mutane suna ƙwala ihu duk lokacin da ya juya daga wannan ril zuwa wancan, ana jin yadda yake jinkirta wani sautin kaɗan sannan ya sake shi da ƙarfi. Ya rasu a watan Disamba yana da shekara 49. Kamfanin Gael Linn ya fitar da faifan a 1975, da sunansa kawai a jiki. In aka ce in zaɓa tsakanin hanyoyin biyu, ta Cooley zan bi. Ta O'Brien tana burge kunne kuma ta buɗe wa akwatin ƙofofi da yawa, amma ta Cooley ba ta barin ƙafa ta zauna lafiya, kuma don ƙafa aka yi kiɗan tun farko.

Bayan wannan faifan samari da yawa suka koma tsohuwar hanya. A tsaunukan Sliabh Luachra, kan iyakar Kerry da Cork, dama ba a taɓa barin ta ba, domin polka da silaid da suke rawa da su ba sa tafiya sai da bugu. Johnny O'Leary ya shafe shekaru yana kaɗa wa masu rawa a mashayar Dan O'Connell a ƙauyen Knocknagree. Jackie Daly na Kanturk, haifaffen 1945, ya fitar da kiɗan yankin duniya da akodiyan mai layin C# da D, ya kuma rage karkarwar muryar akwatin ta hanyar daidaita harsunan kusa da juna, har ya riƙa sajewa da goge. A 1991 Sharon Shannon, 'yar Clare, ta fitar da faifanta na farko ta kai akodiyan gaban matasan da ba su taɓa shiga zauren rawa ba. Shi kuwa akodiyan mai haƙoran fiyano, yana da gwanayensa, amma bai taɓa samun irin wannan gindin zama ba.

Konsatina fa? Ba ta mutu ba, hannu ta sauya. Tun shekarun 1850 maƙeran Landan suka ɗauki tsarin Jamus na matsa da ja suka zuba shi a jikin konsatinar Ingila mai ƙarko, suka ƙara layi na uku ta zama mai maɓalli talatin. Ita ake kira Anglo, kuma sunayen Jeffries da Lachenal da Crabb da Wheatstone su ne a jikinta. Lokacin da Ingila ta daina yayinta sai ta koma kantunan tsofaffin kaya, leburorin Clare da ke aikin gini a Landan suka riƙa sayen ta da arha suna kaiwa gida. Layukanta na C da G ne, kiɗan goge da sarewa kuwa a D yake, don haka wanda ke son zama cikin sauran makaɗa sai ya nemo dabara. Paddy Murphy na Fiach Roe, manomi haifaffen 1913, yana cikin waɗanda suka fara warware wannan ƙulli. Ya saurari faya-fayan Amurka, ya koyi kaɗe-kaɗe daga littafin Francis O'Neill, shugaban 'yan sandan Shikago da ya tattara kiɗa 1,850 ya buga a 1903, ya tsara yadda yatsu za su tsallaka layuka uku. A arewacin gundumar Clare, Chris Droney na Bellharbour ya riƙe salon rawa na gidansu har ya rasu a 2020, Packie Russell kuma yana Doolin. A tsakiyar shekarun 1970 Neil Wayne da John Tams suka zo daga Ingila suka ɗauki tsofaffin makaɗan Clare a faifai tun suna da ƙarfi.

Sai Noel Hill. An haife shi a Caherea a 1958, a gidan da iyaye da kakanni duk makaɗan konsatina ne. Ya ɗauki tsallaken Murphy ya faɗaɗa shi, ya saurari masu algaita irin Willie Clancy da Séamus Ennis, ya kwaso kwalliyarsu da doguwar muryar da ke rakiyar kiɗansu ya ɗora a kan maɓallai. Faifansa da mai goge Tony Linnane a 1979 ya sa yara da yawa suka roƙi iyaye a saya musu konsatina. A 1985 shi da Tony MacMahon, mai akodiyan, suka yi abin da nake ganin shi ne daidai: maimakon situdiyo, suka tafi mashayar Dan O'Connell a Knocknagree tare da masu rawar set daga Clare, aka ɗauki kiɗa da takun ƙafa a tare. Faifan, I gCnoc na Graí, ya haɗa akwatunan biyu da daɓen da aka raba su da shi shekara hamsin kafin nan.

Matan ma sun dawo. Kitty Hayes ta koyi konsatinar Jamus tana budurwa a yammacin Clare, ta yi aure ta ajiye ta fiye da shekara arba'in tana renon 'ya'ya. Da tsufanta, a lokacin da take jinyar ɗanta, ta sake ɗauka, sai ga tsohon salon gindin murhu ya fito daga yatsunta kamar jiya ta ajiye. Ta fitar da faifanta na farko a 2001, ta rasu a 2008. Mary MacNamara tana koyar da yara a Tulla da salon gabashin Clare mai natsuwa. Edel Fox da Caitlín Nic Gabhann suna cikin manyan gwanayen wannan zamani, ita Caitlín ma mai rawa ce. A makarantar bazara ta Willie Clancy, wadda ake yi a Miltown Malbay tun 1973, ajin konsatina cike yake, kuma 'yan mata ba kaɗan ba ne a ciki. Cormac Begley na yammacin Kerry kuwa ya nemo manyan konsatinoni masu kaurin murya, yana barin a ji numfashin zugazugi da ƙarar maɓalli a matsayin wani ɓangare na kiɗan.

Abu biyu ne suke damuna game da halin da ake ciki yanzu. Na farko tsada. Abar da talaka ta saya da kuɗin ƙwai, yau tsohuwar Jeffries mai kyau dubban yuro ce, kuma mai son sabuwa daga hannun maƙera irin Jürgen Suttner na Jamus ko Colin Dipper na Ingila yakan yi dogon jira. Akwai masu arha na koyo, amma yaron da iyayensa ba su da hali yakan tsaya a nan. Na biyu, aji da gasa suna sa hannaye su yi kama da juna. Yaran yanzu sun fi kakanninsu iya yatsu nesa ba kusa ba, amma da yawa cikinsu ba su taɓa kaɗa wa mutum takwas masu gumi har tsakar dare ba, kuma ana jin wannan rashin a cikin saurin da suke yi.

Mai karatu da ke son ya ji da kunnensa, kada ya fara da faya-fayan zamani masu tarin kayan kiɗa. Ya nemi na Knocknagree na 1985, ya ƙara murya, ya kasa kunne ga ƙafafun masu rawa tukuna kafin ya bi makaɗan. In ya gama ya nemi na Cooley, sannan 'yan mintocin Elizabeth Crotty. Duka ana samun su a intanet.